Lambun da Tsoho Ba Zai Ɓata a Ciki Ba

A watan Mayun 2023, a bajekolin furanni na Chelsea da ake yi a birnin Landan, wani ƙaramin lambu mai suna Rare Space ya ci lambar zinare. Wanda ya tsara shi, Charlie Hawkes, ya yi aikin ne don ƙungiyar National Brain Appeal, mai tara kuɗi don babban asibitin ƙwaƙwalwa na Queen Square. Kafin ya zana komai sai da ya zauna da masu fama da wasu nau'o'in cutar mantuwa waɗanda ba a cika samu ba, musamman wadda ke cin ɓangaren ƙeya na ƙwaƙwalwa, wurin da ke gane abin da ido ya gani. Mai wannan lalura idonsa garau yake, amma sai ya ga inuwa a ƙasa ya ɗauka rami ne, ko kujera tana gabansa ya rasa ta. Saboda haka aka shimfiɗa hanya mai faɗi, ba tudu ba kwari, aka yi wuraren zama da launi mai kama ido don a hango su a cikin ganye, aka sa ruwa mai gudana a hankali. Da aka tashi daga bajekolin, sai aka kwashe lambun zuwa Exbury a kudancin Ingila, ya zauna can kafin a gama cibiyar da aka nufa da shi a Landan.

Mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Jibiya da wannan. Mu idan aka ce lambu, albasa ce da tumatir da latas, a bakin rafi ko gindin rijiya, irin Lambun Sarki na cikin Katsina, kuma da wuya manomi ya ɓata ruwa a kan furen da ba a ci. Haka ne. Amma tambayar da lambun nan ya zo da ita tana nan a gidajenmu: a wane irin wuri ne tsohon da ƙwaƙwalwarsa ta fara zuba zai zauna bai firgita ba, bai ɓata ba, kuma ba a kulle shi ba? Turawa sun ɗauki shekara sama da 200 kafin su kai ga amsarta. Mu da ma muna da rabin amsar a tsakar gida, kuma a garuruwan iyaka irin Jibiya ita ce nake ganin tana suɓuce mana.

Tunanin cewa wuri mai sanyi da ruwa da itatuwa na kwantar da hankalin wanda hankalinsa ya taɓu ya girmi Turai ta zamani. Asibitocin musulmi na da, irin wanda Nuruddin ya gina a Dimashƙa a 1154, da na Argun a Halab na 1354, an gina su ne kewaye da tsakar gida mai maɓuɓɓugar ruwa, ko da yake ɗakunan masu taɓin hankali a na Halab ba su rasa ƙarafa a tagogi ba. A Ingila, William Tuke ya buɗe wani gida a bayan garin York a 1796 inda aka ajiye sarƙa, aka bar marasa lafiya suna yawo a lambu suna taɓa aikin ƙasa. Sai dai a duk wannan zamani, tsohon da ya ruɗe ba shi da wani matsayi nasa. Ko dai a ce tsufa ne kawai, ko a haɗa shi da mahaukata.

A 1901 aka kai wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, asibitin masu taɓin hankali na Farankfot a Jamus. Tana manta abin da aka faɗa mata yanzu, tana ɓata a cikin gidanta, tana zargin mijinta ba dalili. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, bai rabu da lamarinta ba har ta rasu a 1906. Ya duba ƙwaƙwalwarta a ƙarƙashin madubin likita, ya ga wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikinsu. A 1910 maigidansa Emil Kraepelin ya sa wa cutar sunansa. Duk da haka an daɗe ana ɗaukar ta wata baƙuwar cuta mai kama masu matsakaitan shekaru. Sai a 1976 likita Robert Katzman na Amurka ya tsaya kai da fata cewa ita ce dai ke bayan mafi yawan ruɗewar tsofaffi, kuma tana cikin manyan cututtukan da ke kisa. Daga nan abubuwa suka fara sauri. An kafa ƙungiyar Alzheimer's Disease International a 1984, kuma a 1994 aka tsayar da 21 ga Satumba ranar tunawa da cutar a duniya.

A wannan shekarar ta 1984 ne kuma Roger Ulrich ya fitar da wani bincike ƙarami da ya yi tasiri mai yawa. Ya duba takardun mutanen da aka yi wa tiyata iri ɗaya a wani asibitin Pensilbeniya, sai ya ga waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga waɗanda ke kallon bangon bulo komawa gida da kusan kwana ɗaya, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba. Masu zanen asibiti suka fara kallon bishiya da wani ido. A 1997 Tom Kitwood na Jami'ar Bradford ya kafa hujjar cewa yawancin wahalar mai cutar mantuwa daga yadda ake mu'amala da shi take fitowa: a yi magana a kansa yana zaune, a yi masa tsawa don ya maimaita tambaya, a ƙwace masa ɗan aikin da yake iyawa. Daga haɗuwar waɗannan tunani biyu aka sami lambunan da aka tsara musamman, irin wanda aka buɗe a Portland a 2002, da ƙauyen Hogeweyk na Holan da aka buɗe a 2009, inda masu cutar ke zaune gida-gida, da tituna da shago da lambuna, suna fita yawo ba mai riƙe musu hannu. Ƙa'idojin da aka tsaya a kansu kaɗan ne. Hanya ta zagayo ta dawo inda ta fara, don kada mutum ya kai ƙarshen lungu ya tsaya yana kuka. Ƙofa ta zama ɗaya, a gaban idon mai kula. Kada a shuka abin da ke da guba. A sa abin da mutum ya sani tun yana yaro, domin tsohon tunani ya fi sabo jurewa, kuma hannu kan riƙe aikin da ya saba ko bayan baki ya manta sunansa.

Lambu ba ya warkar da cutar, wannan kam kowa ya sani. Abin da yake yi shi ne rage firgici da kai-komon da ke tsananta da yamma, kuma hasken safiya da motsa jiki suna gyara barci. Ga wanda ya taɓa kwana yana gadin mahaifiyarsa kada ta buɗe ƙofa cikin dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi kuwa bajekolin Chelsea, tun 1913 ake yin sa a filin asibitin tsofaffin sojoji, kuma shekaru da yawa fage ne na masu sayar da dashe da manyan kamfanoni. A 'yan shekarun nan ƙungiyoyin jinƙai suka gane cewa kwana biyar na jama'a da kyamarorin talabijin dama ce, domin gani ya kori ji. Daga 2022 wani shiri mai suna Project Giving Back ya fara ɗaukar nauyin lambunan irin waɗannan ƙungiyoyi, da sharaɗin cewa bayan biki a kai lambun inda zai ci gaba da amfani. Wannan sharaɗi ne ya sa na yarda da abin. In ba don shi ba, kashe maƙudan kuɗi a gina lambu cikin 'yan makonni a rushe shi bayan kwana biyar da sunan marasa lafiya abu ne da zai yi wuyar karewa.

A Nijeriya tafiyar ta bi wata hanya. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ba ta san komai ba sai tsarewa, kuma da yawan waɗanda aka tsare a gidan yari aka ajiye su. Ita ce ta ci gaba da aiki har aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023. A tsakiyar wannan dogon zamani akwai wani haske da bai kamata a manta ba. A 1954 likita Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke sauka a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa, su je asibiti da rana su dawo cikin jama'a. Shekara 55 ke nan kafin Hogeweyk.

Bincike a kan cutar mantuwa kanta a Ibadan ya kafu. Daga 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi da Hugh Hendrie suka kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanapolis a Amurka. Suka sami kimanin kashi 2.3 cikin 100 a Ibadan, a can kuwa sama da kashi 8. A Zariya, binciken da likitoci suka wallafa a 2011 ya sami kusan kashi 2.8 cikin 100 na tsofaffin da aka duba. Waɗannan alƙaluma sun sa wasu sun saki jiki cewa cutar ta Turawa ce. Ba haka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ita sun haura miliyan 55, kuma sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. Wani ƙiyasi da Davies Adeloye da abokan aikinsa suka fitar a 2019 ya nuna adadin a Nijeriya ya tashi daga kimanin 63,000 a 1995 zuwa kimanin 318,000 a 2015. Mutane sun ƙaru, masu kaiwa tsufa sun ƙaru, hawan jini da ciwon suga sun shigo kowane gida.

Abin da ya daɗe yana rufa mana asiri shi ne yadda aka gina gidan Bahaushe da yadda ake zama a cikinsa. Ƙofa ɗaya ce, ta zaure, kuma da wuya a rasa mai zama a wurin. Tsakar gida fili ne a share. A ƙofar gida akwai ceɗiya ko durumi, daga baya darbejiya, wadda aka shigo da ita Barno a 1928 ta bazu har ta zama kamar 'yar ƙasa. Katsinawa da mutanen Maraɗi bedi suke ce mata. Kiran salla sau biyar yana yanka wa mutum yini ko ya daina gane agogo. Tsohuwa tana da ɓarar gyaɗa da tsintar wake da kaɗi, tsoho yana da tufkar igiya da majalisa. In ya fita ya rasa hanya, yaron farko da ya gamu da shi ya san gidansu. Addini ma ya sauƙaƙa: malamai sun yi bayanin cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa nauyin ibada, kuma Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na rayuwa a Suratun Nahli da Suratul Hajji. Duk abin da masu zanen lambu suka gano da bincike, kusan yana nan a wannan tsari ba tare da kowa ya zana shi ba.

Ba zan ce komai lafiya yake a wancan zama ba. An sha kulle tsoho a ɗaki don kunyar baƙi. An sha cewa gigin tsufa ne a bar shi haka, alhali wani lokaci abin da ya ruɗa shi zazzaɓi ne, ko ciwon fitsari, ko damuwa, ko rashin wasu sinadaran abinci, waɗanda duk suna da magani. Mafi muni shi ne tsohuwar da ta fita cikin dare tana sambatu aka ce mayya ce, yara suka bi ta da jifa. Kuma nauyin jinya, da wanki da goyon dare, kusan kullum a kan mace ɗaya yake faɗawa, 'ya ko suruka, ba mai tambayar ta yaya take.

Jibiya tana da nata ƙarin. Garin yana kusan kilomita 45 daga Katsina, shingen iyaka yana Magama, in ka tsallaka sai Ɗan Isa, sai Maraɗi. Maraɗin nan sarakunan Katsina ne da jihadi ya kora bayan 1807 suka kafa mulkinsu a cikinta, har yau Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautarta. Layin da Ingila da Faransa suka ja suka kafa masa alamu tsakanin 1906 da 1908 ya ratsa dangi ɗaya ne, kuma aure bai taɓa tsayawa a kansa ba. Ga abin da wannan ke nufi ga mai cutar mantuwa. Tsohuwar da aka haifa a Madarunfa aka kawo ta Jibiya tana budurwa, idan ƙwaƙwalwa ta fara goge shekarun baya-bayan nan, gidan da ya rage mata shi ne na ubanta. Da la'asar sakaliya sai ta ɗaure ƙunshinta. A ce, "Inna, ina zuwa?" Ta ce, "Gida. Baba zai yi faɗa in na yi dare." Gidan da take nufi yana wata ƙasa, kuma tsakaninta da shi akwai shingayen kwastan da na shige da fice da na soja, ga manyan motoci, ga daji. Mutumin da ba zai iya faɗin sunansa da garinsu ba, babu inda ya fi masa haɗari irin bakin iyaka.

Shekaru 40 da suka wuce sun sauya ƙasar da tsofaffin nan suka sani. Bayan farin 1973 da na 1984, aka tashi dashen itatuwa a arewacin Katsina da tallafin Turai daga 1987, shekarar da aka ƙirƙiri jihar. A tsallaken iyaka, Tony Rinaudo ya fara tun 1983 yana nuna wa manoman Maraɗi yadda za su bar kututturen da ke gona ya tofo, su rage masa rassa su bar masu ƙarfi. Sassaben zamani ke nan, wanda ya mayar da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. An kuma gina madatsar ruwa ta Jibiya a kan kogin Gada, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 142, da nufin shayar da hekta 3,500. Waɗannan alheri ne. Sai kuma masifu suka biyo a jere. Ambaliyar Yulin 2018 ta ci ran sama da mutum 40 ta rushe ɗaruruwan gidaje. A Agustan 2019 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har Maris 2024. 'Yar da ke aure a Ɗan Isa, wadda da take zuwa ta karɓi 'yar'uwarta jinya, sai zuwan ya koma na ɓarauniyar hanya da tsada. A kan wannan duka ga 'yan bindiga. A 2022 mutanen Shimfiɗa da ƙauyukan kewaye suka kwararo cikin gari aka tsugunar da su a makaranta, wasu dubbai daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka jihar Maraɗi.

Likitoci sun san cewa ɗauke mai cutar mantuwa daga wurin da ya saba na ƙara dagula shi. Tsohon da a ƙauyensu yake kai kansa masallaci ya dawo, don ƙafarsa ta san hanya kuma tsamiyar bakin hanya ta gaya masa inda zai karya kwana, in aka ajiye shi a ajin makaranta da mutum 30 da bai sani ba, cikin 'yan kwanaki sai a ce ya haukace. Cutar tana nan tun da. Wurin da ke tallafe da shi ne aka janye. A lissafin asarar gudun hijira ana ƙirga shanu da hatsi da gidaje, ban taɓa jin an ƙirga wannan ba.

Shi ya sa nake ganin lambun wayar da kai zai fi ma'ana a Jibiya fiye da yadda mutum zai zata, muddin ba a kwaikwayi na Landan ido rufe ba. Ranar Lahadi kasuwar garin na tara mutanen ƙasa biyu masu harshe ɗaya, abin da aka ji a nan da daddare ya kai Maraɗi. Da ni za a tambaya, fili zan nema kusa da kasuwa ko babban asibiti, a kewaye shi da katanga gajera, a yi masa zaure ɗaya. Hanya ta zama daɓe mai tauri, ta zagayo ta dawo zauren. Inuwa ta zama mai kauri, ta bedi ko ceɗiya ko mangwaro, domin inuwar da rana ke huda ta tabo-tabo ita ce ke ruɗa masu matsalar gani irin waɗanda Hawkes ya zauna da su. Gawo da aduwa da magarya, duk da tsofaffi sun san su, ƙayarsu ta sa sai dai a bar su bayan katanga. A ɗaga kwamin shuka ya kai gwiwa ko ƙugu don kada a sunkuya, a zuba zogale da yakuwa da rama da ɗoɗɗoya da na'a-na'a da lalle, da 'yan layukan gyaɗa da gero da damina. Tumfafiya da zaƙami da bini-da-zugu da cika-gida kada su shiga, haka aguwa da aka saba yin shinge da ita, saboda mai wannan lalura kan kai abu baki. Rijiya a rufe ta. A yi dakali da rumfar zana, da randa, da wurin alwala. A ware ɓangaren mata, domin su suka fi yawa a cikin masu cutar da kuma masu jinya, kuma ba za su zo su zauna a majalisar maza ba. A ajiye faifai da turmi da abawa, abin da hannu zai kama.

Allon rubutu ba zai yi aikin wayar da kai a nan ba, ko da an yi shi da boko da ajami. Baki ne zai yi. Ma'aikacin lafiya ya zauna a zauren ranar kasuwa da abin awon jini, ya duba ido da kunne, domin kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar yana da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya taɓawa, ciki har da hawan jini da ciwon suga da kurumta da yanar ido da shan taba da kaɗaici. Wanda ya ga alamar da ta wuce nan a tura shi asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. Limami ya zo ya gani ya ɗauka zuwa mumbari. A gayyato direbobin tasha da 'yan acaɓa da jami'an shinge, a nuna musu yadda ake tsayar da tsohuwar da ta ɗauko ƙunshi: ba a ce mata ubanta ya mutu tun shekara 50, sai a ce, "Iya, zauna ki sha ruwa, yanzu za mu tafi tare," a aika a nemo danginta.

Abin da ba za a iya saya da sauri ba shi ne bishiya. A Chelsea ana kawo manyan itatuwa da mota a dasa cikin dare. A nan bedi sai ta shekara biyar ko fiye kafin ta ba da inuwar kirki, kuma wani sai ya shayar da ita a Maris da Afrilu ya kare ta daga awaki. Tsofaffin 'yan lambun da suka yi aiki a bakin dam su suka dace da wannan, a ba su ɗan alawus daga ƙaramar hukuma. Mafi sauƙi shi ne a bi dabarar manoman Maraɗi, a nemi filin da ya riga ya mallaki manyan itatuwa da kututture masu rai. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021 ta Jibiya zai bi, kuma irin wannan fili a kusa da kasuwa shi za a fara yankawa fuloti-fuloti, don haka yanzu ne ya kamata hakimi da ƙaramar hukuma su keɓe shi.